Akwatin wifi ya ƙi tashi bayan sauya masa manhaja: yadda ake gano matsalar kafin a yar da shi

A Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwatin wifi, wanda ma'aikatan sadarwa ke kira rutar, ya shiga cikin kayan gida da na shago. Wani ya sa shi ne don iyali su raba forfe guda, wani don ɗaliban gidansa, wani kuma da shi yake neman abinci, yana sayar wa ƴan unguwa tikitin shiga intanet. Da yawan akwatunan ya ƙaru, sai masu gyaran salula da kwamfuta da matasa masu son bincike suka fara cire manhajar da kamfani ya sa a ciki suna ɗora wata, irin su OpenWrt ko DD-WRT. Sau da yawa aikin kan tafi daidai. Wani lokaci kuma akwatin kan yi shiru: fitilu na ƙiftawa, wifi ya ɓace, shafin saiti ya ƙi buɗewa. Nan ne mai shi ke yanke hukuncin cewa ya ƙone, ya jefa shi ƙarƙashin tebur ya nufi kasuwa neman wani.

Galibin irin waɗannan akwatuna ba su mutu ba. Abin da ke kashe su da gaske shi ne gaggawar da ke biyo baya, wato a yi ta zare wuta ana mayarwa, a yi ta ɗora fayil bisa fayil ba tare da an san inda cutar take ba. Wanda ya bi matakan bincike daki-daki, daga mafi sauƙi zuwa mafi haɗari, yakan ceto akwatinsa da kabul guda da kwamfuta.

Abin da ke cikin akwatin

Akwatin wifi ƙaramar kwamfuta ce. Yana da injin ciki, yana da RAM kamar salula, yana kuma da ɗan rumbun ajiya wanda ba ya goge abin da ke cikinsa ko an ɗauke wuta. An kasa rumbun kashi-kashi. Kashi na farko na ɗauke da manhajar tayarwa, wadda ita ce ke farkawa da zarar an kunna wuta, ta kira sauran. Kashi na biyu shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da wifi da shafin saiti. Na uku shi ne wurin ajiye saitin mai akwati, kamar sunan wifi da lambar sirri. A akwatuna da yawa akwai kashi na huɗu, inda masana'anta ta rubuta awon rediyon wannan akwatin shi kaɗai. A akwatunan da ke da injin Atheros ana kiran wannan kashi ART, kuma idan ya goge, akwatin zai iya tashi amma wifi ba zai yi aiki yadda ya kamata ba, ko ma ya ƙi fitowa sam.

Sanin wannan rabo shi ne mabuɗin gyara. Sauya manhaja ta hanyar da aka saba na taɓa kashi na biyu da na uku ne kawai. Muddin manhajar tayarwa na nan lafiya, akwai ƙofar da za a bi a sake rubuta sauran.

Daga ina waɗannan manhajoji suka fito?

Labarin ya faro ne daga Amurka. A ƙarshen shekarar 2002 kamfanin Linksys ya fitar da wani akwati mai suna WRT54G. A 2003 masana suka gano cewa an gina manhajarsa ne bisa Linux, wadda lasisinta na GPL ya wajabta wa duk wanda ya sayar da kaya da ita ya bayyana rubutun manhajar ga jama'a. Kamfanin ya fitar da rubutun, kuma daga nan ne aka kafa OpenWrt a 2004. DD-WRT, wadda Bajamushe Sebastian Gottschall ya fara, ta biyo baya a 2005, sai Tomato ta Jonathan Zarate a 2006, wadda a yau ake ci gaba da ita da sunan FreshTomato. Masu akwatunan Asus kuma na da Asuswrt-Merlin. A 2016 wasu daga cikin masu aikin OpenWrt sun ɓalle sun kafa LEDE, kafin ɓangarorin biyu su sake haɗewa a 2018.

Dalilan da ke sa mutane sauya manhaja ba na wasa ba ne. Kamfanoni kan daina gyara ɓarakar tsaro a tsofaffin akwatuna bayan ƴan shekaru, alhali akwatin na ci gaba da aiki a gidajen mutane. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban na'urori masu raunin lambar sirri ta yi amfani da su wajen kai hari kan manyan shafuka. A 2018 masu bincike na kamfanin Cisco sun sanar da wata, VPNFilter, wadda ta shiga akwatuna kusan 500,000 a ƙasashe 54. Ban da tsaro, OpenWrt na ba mai akwati damar raba ƙarfin intanet da adalci don kada mutum ɗaya mai sauke fim ya shaƙe kowa, da ware wifi na baƙi daban, da ganin wanda ke cinye mega.

Sai dai ba kowane akwati ke karɓa ba. Akwatunan 4G masu ɗaukar katin SIM, waɗanda kamfanonin waya ke sayarwa, galibi ƙirar Huawei ko ZTE ne, kuma mafi yawansu ba sa cikin jerin na'urorin da OpenWrt ke tallafawa. Wanda ke da irinsa, abin da ya fi masa shi ne ya bar shi yadda yake, ya jona masa wani akwati na biyu da kabul, ya yi sauyin a kan na biyun.

Shiri kafin a taɓa komai

Rabin matsalolin da ake kaiwa wurin masu gyara tun daga takardar da ke manne a gindin akwati suke farawa. Sunan akwati kaɗai bai isa ba, sai an duba lambar ƙirarsa, wadda ake rubutawa kamar Ver 2.0 ko v13. Misali, TL-WR841N na kamfanin TP-Link, wanda ya cika kasuwanninmu, an yi ƙirarsa fiye da goma da suna ɗaya da kwali kusan iri ɗaya. Ƙira ta 9 zuwa ta 12 na da injin Qualcomm Atheros, ta 13 da ta 14 kuma injin MediaTek. Fayil ɗin wannan ba ya shiga wancan. Haka Archer C6: ƙira ta 2 Qualcomm ce, ta 3 MediaTek ce, kuma ƙira ta 2 ɗin ma tana da fayil daban na kasuwar Turai da na Amurka. Tun da kayanmu na shigowa ta hanyoyi da yawa, daga Dubai, Sin, Turai ko ta Kano, akwatuna biyu da ke jere a kanti ɗaya na iya zama ba ɗaya ba ne a ciki.

Abu na biyu shi ne girman rumbu da RAM. Tsofaffin akwatuna masu rumbun mega 4 da RAM mega 32 sun yi wa OpenWrt ta yanzu kaɗan, kuma fitowar 19.07 ce ta ƙarshe da aka yi la'akari da su. Masu aikin na ba da shawarar akwati mai rumbun mega 16 da RAM mega 128 zuwa sama. Wanda ya tilasta wa ƙaramin akwati sabuwar manhaja zai ga yana tashi, amma saiti ba ya zama, ko ya riƙa sake kunna kansa idan mutane sun yi yawa.

Abu na uku shi ne sunan fayil. A OpenWrt kusan kowane akwati na da fayil biyu. Wanda sunansa ke ɗauke da kalmar factory shi ake ɗorawa karo na farko, daga shafin manhajar kamfani. Wanda ke ɗauke da sysupgrade kuma na wanda ya riga ya shiga OpenWrt ne yana son sabuntawa. A kuma tabbatar fayil ɗin ya sauka cikakke. Inda rezo ke yankewa, fayil na iya tsayawa a rabi ya yi kama da ya kammala. Shi ya sa ake wallafa wata doguwar lambar tantancewa, sha256, kusa da kowane fayil, don a gwada ta da ta wanda aka sauke.

Abu na huɗu shi ne wuta, kuma a ƙasarmu shi ne mafi girma. Rubuta manhaja na ɗaukar minti biyu zuwa biyar, kuma idan kuran ya ɗauke a tsakiyar aikin, rumbu zai kasance da rabin sabuwa da rabin tsohuwa. Kada a yi wannan aiki kai tsaye a kan wutar Nigelec, musamman lokacin zafi na watannin Afrilu da Mayu da ɗaukewar wuta ke yawaita. A jona akwatin da ondular, ko batirin sola mai cike da caji, a kuma yi amfani da kwamfutar tafi-da-gidanka mai batiri. A haɗa su da kabul, ba ta wifi ba.

Na ƙarshe, tun intanet na nan, a sauke manhajar kamfani ta asali a ajiye a kwamfuta ko a kile, tare da shafin bayanin wannan akwati da ke nuna hanyar cetonsa. Idan akwatin ya tsaya, intanet ɗin gidan ma ya tsaya, ba lokacin neman fayil ba ne.

Idan shafin kamfani ya ƙi karɓar fayil

Wannan ita ce matsala mafi sauƙi, domin ba a rubuta komai ba tukuna. Ƙin karɓa na nufin ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan: fayil na wata ƙira ne, ko an ɗauki sysupgrade maimakon factory, ko yankin kasuwa bai dace ba, ko sunan fayil ya yi wa shafin tsawo, wanda gajarta sunan ke magancewa a wasu tsofaffin akwatuna. Akwai kuma akwatunan da kamfani ya kulle, ba sa karɓar komai sai mai sa hannunsa. Wannan ya yawaita tun 2016, lokacin da hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta tsaurara doka kan ƙarfin rediyon wifi. Duk inda aka ga zaɓin tilasta ɗorawa bayan gargaɗin cewa fayil bai dace ba, a bar shi. Gargaɗin shi ne shingen ƙarshe tsakanin mai akwati da asara.

Idan an gama ɗorawa amma babu wifi

Nan ne mutane da yawa ke firgita a banza. Bayan ɗora OpenWrt karo na farko, wifi a kashe yake a galibin akwatuna, kuma da gangan aka yi haka don kada a bar ƙofa buɗe babu lambar sirri. Sai an shiga da kabul an kunna shi. Kafin nan, a ba akwatin minti biyar zuwa goma ba tare da an taɓa shi ba, domin tashin farko ya fi na kullum daɗewa, yana shirya wurin ajiye saiti. Zare wuta a wannan lokaci na iya lalata abin da ya tafi daidai.

Sannan adireshi ya sauya. Akwatunan TP-Link da yawa na buɗewa a 192.168.0.1, amma OpenWrt da DD-WRT na amfani da 192.168.1.1. A sa kabul a ɗaya daga kafofin LAN, ba kafar WAN mai launi daban ba. A kashe wifi na kwamfutar, a zare kabul a mayar don ta karɓi sabon adireshi. Idan burauza ta ci gaba da nuna tsohon shafi, a buɗe taga ta sirri ko a share abin da ta ajiye. Idan har yanzu shiru, a ba kwamfutar adireshi da hannu, 192.168.1.2, a aika umarnin ping zuwa 192.168.1.1. Amsa ta dawo, akwatin na da rai.

Akwai wani tarko kuma. Fayilolin gwaji na OpenWrt, waɗanda ake kira snapshot, ba sa zuwa da shafin saiti mai suna LuCI. Akwatin na aiki lafiya, yana amsa ping, amma burauza ba ta ganin komai. Maganinsa shi ne a shiga ta SSH, da manhaja irin PuTTY, a ɗora shafin, ko a koma kan fitowa tabbatacciya mai lamba irin 23.05 ko 24.10.

Idan shafi na buɗewa amma babu intanet

Abin da ya fi jawo wannan shi ne karon adireshi. Idan akwatin da ke kawo intanet, ko na kamfanin waya ne ko na Starlink da ya fara yaɗuwa a ƙasar, shi ma yana amfani da 192.168.1.1, to sabon akwatin zai rikice, bai san ina ne ciki ina ne waje ba. A shiga saitin LAN a sauya adireshinsa zuwa wani kamar 192.168.10.1, a sake kunna shi, a kuma tuna cewa daga yanzu ta sabon adireshin ake shiga. Wanda layinsa ke buƙatar suna da lambar sirri na PPPoE, sai ya sake rubuta su, domin sun tafi tare da tsohuwar manhaja. Ya kamata a kwafe su a takarda tun kafin a fara.

Idan wifi ya kunnu amma ya yi rauni ko wasu wayoyi ba sa ganinsa, a duba lambar ƙasa a saitin rediyo. Ta Nijar ita ce NE. A kan mita 2.4, tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna. Ƙara ƙarfin rediyo zuwa ƙarshe ba ya ƙara nisa kamar yadda ake zato, domin wayar da ke amsawa ƙarfinta bai ƙaru ba, sai dai akwatin ya yi zafi ya kuma dami maƙwabta. Amfani da mitoci na ƙarƙashin kulawar hukumar ARCEP ne. A kuma sani cewa akwatunan da ke da rediyon Broadcom ba sa samun cikakken tallafin wifi a OpenWrt, irinsu sun fi dacewa da DD-WRT ko FreshTomato.

Idan sabuntawa ce ta rikita akwatin da ke aiki

Wanda ya daɗe da OpenWrt ya sabunta, sai abubuwa suka lalace, ya fara zargin tsohon saiti. Lokacin sabuntawa akwai zaɓin riƙe saiti, kuma tsakanin ƙananan fitowa ba ya kawo matsala. Amma tsakanin manya yakan kawo. Daga fitowar 21.02 an sauya yadda ake tsara kafofin kabul a akwatuna da yawa zuwa wani tsari mai suna DSA, kuma tsohon saiti ba ya karantuwa a sabon. A 22.03 kuma an sauya injin katangar tsaro. Wanda ya tsallaka waɗannan da tsohon saiti zai iya samun akwatin da ya tashi amma kafofinsa ba sa magana. Magani shi ne a goge saiti a sake shi da hannu, ba a dawo da tsohon fayil ɗin ajiya ba.

Haka kuma ƙarin manhajojin da mutum ya ɗora da kansa, kamar na raba ƙarfin intanet, na tikiti ko na modem ɗin USB, ba sa tsallake sabuntawa ta yau da kullum. Saitinsu na nan, su kansu sun tafi. Wanda intanet ɗinsa ke shigowa ta modem ɗin USB zai tarar ba shi da hanyar sake sauke su. Don haka ne aka samar da hidimar Attended Sysupgrade, wadda ke haɗa fayil ɗin sabuntawa tare da duk abin da mutum ya ɗora.

Idan an kulle kai a waje

Idan akwatin na tashi amma an manta lambar sirri ko an yi saitin da ya toshe hanya, akwai matakai biyu. Na farko, bayan ya gama tashi, a danna maɓallin Reset a riƙe fiye da daƙiƙa biyar, wajen goma, a saki. OpenWrt za ta goge saiti ta koma yadda aka ɗora ta. Na biyu shi ne yanayin ceto da ake kira failsafe. A kunna wuta, a sa ido kan fitila, da zarar ta fara ƙiftawa da sauri a danna maɓalli a saki. Idan ya shiga, ƙiftawar za ta ƙara sauri ta ci gaba haka. A wannan yanayi akwatin ba ya raba adireshi, sai a ba kwamfuta 192.168.1.2 da hannu, a shiga 192.168.1.1 ta SSH da sunan root, a rubuta firstboot, a amince, a sake kunna shi.

Akwai wata tsohuwar dabara da ke yawo wadda ake kira 30/30/30, wato riƙe Reset daƙiƙa 30 da wuta, 30 babu wuta, 30 bayan an mayar. An yi ta ne don tsofaffin akwatunan Broadcom na zamanin WRT54G. A kan sababbi ba ta da amfani, a wasu ma tana iya yin ɓarna.

Idan babbar manhajar ce ta lalace

Alamunta su ne akwatin ya yi ta kunna kansa kowane ƴan daƙiƙu, ko fitilar wuta kaɗai ke ci, ko dukkan fitilu su kunnu su tsaya. Kafin a zargi manhaja, a gwada wata caja mai bolt iri ɗaya da ta asali, 9 ko 12 kamar yadda aka rubuta a gindin akwati, da amfiya daidai ko sama da haka. Cajar da zafi da hawa da saukar wuta suka gajiyar na jawo irin waɗannan alamu sak, kuma sauya ta ya fi komai araha.

Idan ba caja ba ce, sai a koma ga manhajar tayarwa. Yawancinsu na sauraron ƴan daƙiƙu bayan kunnawa ko wani zai miƙo musu sabon fayil, kuma kowane kamfani da hanyarsa. A akwatunan TP-Link da yawa, ana ba kwamfuta adireshin 192.168.0.66, a buɗe ƙaramar manhajar TFTP irin Tftpd64, a sa fayil ɗin a ba shi ainihin sunan da akwatin ke nema, wanda yakan ƙare da tp_recovery.bin. Sai a riƙe Reset, a kunna wuta, a ci gaba da riƙewa har a ga fayil ya wuce. Asus na da yanayin ceto da manhajarsa mai suna Firmware Restoration. Ga Netgear akwai nmrpflash. D-Link da yawa na buɗe shafin gaggawa a 192.168.0.1 idan aka kunna su ana riƙe da Reset. Wasu akwatunan Linksys, irin WRT1900AC, na ajiye manhaja biyu a rumbu, kuma idan tashi ya gaza sau uku a jere sukan koma kan ɗayar da kansu. A tsofaffin akwatunan Broadcom, idan amsar ping ta nuna TTL=100, manhajar tayarwa ce ke jiran fayil, idan ta nuna 64 kuma Linux ce ta tashi.

Idan TFTP ta ƙi, galibi laifin kwamfuta ne. Katangar tsaron Windows kan toshe ta, sai an kashe na ɗan lokaci. Wifi na kwamfutar ma a kashe shi. Wani lokaci kafar kabul ta kwamfuta na jinkirin farkawa har damar ta wuce, kuma sa ƙaramin suwic tsakaninsu na magance haka. Kuskuren harafi ɗaya a sunan fayil ya isa ya hana komai. Bayan fayil ya wuce, a sake jiran minti biyar zuwa goma.

Mai son komawa manhajar kamfani ya yi hattara da abu guda. A tsofaffin TP-Link, fayil ɗin kamfani da sunansa ke ɗauke da kalmar boot na haɗe da manhajar tayarwa a gabansa. Rubuta shi yadda yake daga cikin OpenWrt na lalata tashin akwatin, sai an yanke wannan kashi tukuna, kamar yadda shafin kowace ƙira ya bayyana.

Matakin ƙarshe: buɗe akwati

Idan duk wannan ya gaza, sauran aikin na mai gyara ne. A kan allon akwatin akwai ƴan ramuka uku ko huɗu na layin siriyal, inda ake jona ƙaramar na'urar USB mai bolt 3.3, yawanci a gudun 115200, a karanta abin da akwatin ke faɗa lokacin tashi, a kuma ba shi umarni. Ana jona layin aikawa, na karɓa da na ƙasa kawai, ba a jona na wuta. Na'ura mai bolt 5 na iya ƙona injin. Idan manhajar tayarwa kanta ce ta goge, sai a rubuta rumbun kai tsaye da na'ura irin CH341A, wadda masu gyaran kwamfuta da dekoda suka sani. A nan ne ajiyar kashin ART ke da rana, shi ya sa ake son duk wanda ya shiga OpenWrt ya sauke kwafin kasassan rumbunsa daga shafin LuCI tun ranar farko. Kafin a kai nan, a auna kuɗin gyara da kuɗin sabon akwati, domin ƙaramin akwati mai rumbun mega 4 bai cancanci wannan wahala ba.

Wa ya kamata ya yi, wa ya kamata ya bari?

Sauya manhaja na iya soke garantin mai sayarwa, kuma akwatin da kamfanin sadarwa ya ba da haya ko aro ba na mai gida ba ne balle ya taɓa cikinsa. Wanda akwatinsa ke aiki lafiya, kamfani kuma na ci gaba da fitar masa da gyare-gyare, ya isa ya sabunta ta hanyar kamfani, ya sauya lambar sirrin shafin saiti, ya kashe WPS. Kada garin neman gira a rasa ido. Wanda kuma sana'arsa ta dogara da akwati ɗaya tak, kada ya yi gwaji a kansa da rana tsaka masu tikiti na jira. Ya fara koyo a kan tsohon akwati, ya tanadi na biyu.

Ga wanda ya yanke shawarar yi, abubuwa biyar ne zai tabbatar suna gabansa: lambar ƙira daga gindin akwati, fayil ɗin da ya dace an tantance shi, manhajar asali a ajiye, kabul, da wutar da ba za ta ɗauke ba. Idan abu ya tsaya, ya fara da jira, sai duba adireshi, sai Reset, sai yanayin ceto, sai TFTP. Sukudireba ita ce ta ƙarshe.